An Ce Da Ita Aka Haife Ni

Ina da shekara 16 bayana ya fara yi mini magana, ni kuwa na toshe kunne. A lokacin ban san komai a duniya ba sai ƙwallon raga. Ni ne mai duka a ƙungiyarmu, wato wanda ake ɗaga wa ƙwallo ya taso da gudu, ya daka tsalle, ya gantsare a sama kamar baka, sannan ya murɗa jiki ya sauke ta a gidan abokan karawa. Kwana shida muke atisaye a mako, ranar hutun kuma ƙwallon kwando nake tafiya bugawa da abokai. A shekarar ne kuma na yi wani irin tsawo na gaggawa, har wandunan bara suka koma kamar na aro.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Ban faɗi ba, ba wanda ya buge ni, ban ji wani abu ya ce ƙas ba. Wani ɗan nauyi ne kawai a ƙasan baya, ta gefen hagu, daidai inda bel yake zama. In na sunkuya ɗaura igiyar takalmi lafiya lau, amma da zarar na gantsare sai in ji kamar an dasa mini ƙusa a wurin. In na kwana biyu ban buga ba sai ya lafa, in na koma fili ya dawo. Na ce tsoka ce. Kowa ma ya ce tsoka ce. Na shiga shan maganin kashe raɗaɗi kafin atisaye, kuma ban faɗa wa kowa a gida ba, domin na san kalma ɗaya in ta shiga kunnen Umma, ni da fili sai dai hange. Wajen wata huɗu na yi a haka.

Ranar da asirina ya tonu, sabis kawai na yi. Na sauko daga tsalle na kasa miƙewa. Na tsaya a rankwafe, hannuwana bisa gwiwa, ina yi wa 'yan wasa murmushin ƙarya. Da dare Baba ya ga yadda nake dafa bango kafin in tashi, bai tambaye ni komai ba, ya ce in shirya da safe.

A asibitin farko an ɗauki hoton ƙashi. Likitan ya ɗaga hoton ya duba, ya nuna wani wuri da biro, ya ce, "Wannan ai da shi aka haife shi. Ba wani abin tashin hankali ba ne. Ya huta mako biyu, ga magani." Ba na jin da mugun nufi ya faɗa, ga layi maƙil a waje yana jiransa. Amma wannan jimlar ta yi ɓarna biyu a gidanmu. Ta farko a zuciyar Umma. Ta kwana tana lissafin abin da ta yi ko ta bari lokacin da take ɗauke da cikina: ko wani nauyi ta ɗaga, ko wani magani ta sha, ko faɗuwar da ta taɓa yi ce. Na ji ta tana cewa Baba, "Ni na ja masa." Ta biyu a kaina ta faɗa, kuma ta fi muni. Na zauna na yi lissafi irin na yaro mai son abin da yake so: in da shi aka haife ni, ashe ba ƙwallo ce ta jawo ba; in ba ƙwallo ce ta jawo ba, barin ta ba zai gyara komai ba. Kwana goma na yi na koma fili, da hujjata a hannu.

Koci ne ya cece ni, ko da yake a ranar ban gode masa ba. Ya lura na daina gantsarewa, ina dukan ƙwallo da kafaɗa kawai, kuma tafiyata ta zama gajerun taku kamar mai tsoron ƙasa. Ya kira ni gefe ya ce in tsaya da ƙafar hagu kaɗai, in ɗaga ta dama, in karkata baya a hankali. Ban kai ko'ina ba na saki ƙara. Ya ce, "Ɗauki jakarka. Kada in ƙara ganin ka a filin nan sai da takardar likitan ƙashi." Na ce, "Koci, an ce da shi aka haife ni fa." Ya ce, "To, je ka a faɗa maka hakan sau biyu."

Likitan ƙashin dattijo ne mai maganar sannu. Ya sa aka yi mini hoton MRI, daga baya aka ƙara da na CT a daidai gaɓar da ake zargi. Ranar da muka koma karɓar sakamako ya ɗauko ƙashin baya na roba daga kan tebur, ya juya shi, ya ce da Umma ta matso kusa, domin ya ga alama ita ce ta fi kowa ɗaukar kayan.

Abin da ya nuna mana har yau ina iya zana shi. Ƙashin baya gaɓoɓi ne da aka jera kan juna: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sai ƙashin da ke tsakiyar kwankwaso. Kowace gaɓa tana da dunƙule a gaba mai ɗaukar nauyi, tana kuma da zobe a baya wanda laka da jijiyoyi ke bi ta cikinsa. A jikin zoben nan, hagu da dama, akwai wata 'yar siririyar gada da ke haɗa mahaɗin sama da na ƙasa. Duk lokacin da mutum ya gantsare, gaɓar sama takan danno wannan gadar. In ya haɗa da murɗawa, dannawar ta ninku. Gaɓa ta biyar ta ƙugu, wadda suke rubutawa L5, ita ce ta fi shan wahala domin a kanta lanƙwasar baya take ƙarewa, kuma in gadar nan ta tsage, wajen tara cikin goma na irin wannan tsagar a nan ake samun ta. Tawa ma a nan take, gefen hagu. Sunanta a likitance sifondilolaisis. Ya nuna mana wani abin dariya: in aka ɗauki hoton ƙashi ta karkace, zoben yakan fito da siffar ɗan kare, da kunne da hanci da ƙafar gaba, gadar kuma ita ce wuyansa. In ta tsage sai ka ga karen kamar an sa masa abin wuya. Ni dai a ranar ban ga abin dariya ba.

Umma ta yi tambayar da ta hana ta barci. Ya ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Ba a haihuwar jariri da wannan tsagar." Ya ce an duba jarirai ba a same ta ba, kuma a 1981 an duba manya 143 waɗanda ba su taɓa taka ƙasa da ƙafarsu ba saboda lalura, ba a samu ko mutum ɗaya mai ita ba. Sai an tsaya, an yi tafiya, an ɗora wa gadar aiki, sannan take tsagewa. Abin da ake gado shi ne yanayin ƙashin: wani gadarsa siririya ce, wani lanƙwasar ƙugunsa ta yi zurfi, wani kuma, kamar ni, zoben gaɓarsa bai gama rufewa ta baya ba tun yana ciki. Wannan ɗan gurbin ne likitan farko ya gani, kuma gaskiya ya faɗa cewa da shi aka haife ni. Mutane da yawa suna da shi ba su sani ba. Sai dai tsagar daban, gurbin daban. Akwai wani nau'in da ba shi da yawa, wanda mahaɗan gaɓar ne ba su ginu daidai ba tun asali, shi ne na haihuwa na sosai, kuma ba shi ne nawa ba.

Sannan ya juyo gare ni. Ya ce, "Samari, ka taɓa lanƙwasa waya kana miƙarwa har ta katse? Wane lanƙwasawa ne ya katse ta, na farko ko na ƙarshe?" Ya ce bambancin ƙashi da waya shi ne ƙashi rayayye ne. Kullum ana rushe tsohonsa ana gina sabo, kuma ƙananan raunukan da atisaye ke yi masa yakan ɗinke su da kansa, in an ba shi lokaci. In rauni ya riƙa zuwa da sauri fiye da ɗinki, sai ɓargon wurin ya kumbura, wanda MRI ke gani tun kafin a sami layin tsaga. In aka ci gaba sai siririn layi ya bayyana kamar gashi. In aka ƙara sai ya buɗe. A ƙarshe bakunan biyu su yi santsi su taurare, kamar kowanne ya haƙura da ɗan'uwansa. Wanda aka kama a farko kusan ko yaushe yana haɗewa. Wanda ya kai matakin ƙarshe ba ya haɗewa, ko shekara za a yi a kwance. Nawa yana tsakiya: ya buɗe, amma akwai sauran kumburi a ɓargon, alamar ƙashin bai daina ƙoƙari ba. Watannin da na yi ina haɗiyar ƙwaya ina tsalle su ne suka kai ni can.

Aka auna ni aka yi mini rigar roba mai tauri, daga ƙasan ƙirji zuwa kwankwaso, wadda ke hana gantsarewa da murɗawa. Ba gudu, ba tsalle, ba ɗaga nauyi. An auna jinina aka ga sinadarin bitamin D ya yi ƙasa, aka ba ni na sha, domin ƙashi ba ya ginuwa da kyau in babu shi. Na ji daga baya cewa likitoci ba su haɗu a kan rigar ba, wasu na ganin dakatar da wasan ne ainihin maganin. Ni a ganina babban aikin da ta yi mini shi ne ta hana ni mantawa. Yaro mai shekara 16 ba ya tuna yana da tsaga in ba abin da ke matse masa ciki.

Ga inda tarkon yake. A mako na uku ciwon ya ɗauke ɗif. Ina tashi, ina zama, ina hawa bene, ba na jin komai. Na je wurin likita da fara'a na ce na warke. Ya ce, "Raɗaɗi ne ya tafi. Ƙashi bai ma fara ba." Wannan maganar ta fi rigar matse ni. Mutum yana jin kansa garau, abokansa suna fili, shi yana zaune a benci yana riƙe musu ruwa. Na yi fushi da kowa a watannin nan, har da ƙanena da bai san hawa ba bai san sauka ba. A lokacin ne na fara karance-karance a kan abin, da farko don in samo hujjar da zan kayar da likita. Ban samu ba. Abin da na samu shi ne wani bincike da aka yi a Boston a 1995, inda aka kwatanta matasa 'yan wasa 100 masu ciwon baya da manya 100 masu ciwon baya. A cikin matasan, 47 wannan tsagar ce ke damun su. A cikin manyan, 5 kacal. Ashe da "tsoka ce" ɗin da kowa ya riƙa faɗa mini, lissafin manya ake yi wa yaro.

Bayan wata biyar aka sake hoton CT. Layin ya cike. Likitan ya nuna mini wurin, fari tas, ya ce, "Ka yi sa'a." Umma ta yi ta hamdala. Ni kuwa kalma ɗaya na ji: ya haɗe.

An tura ni wurin likitar gashin ƙashi, mace mai haƙuri wadda na raina aikinta. Ni da nake tsalle in taɓa saman raga, sai ga ni a kwance a tabarma ana koya mini yadda zan ɗaure tsokar ciki ina numfashi. Ta gano tsokokin bayan cinyata a ɗaure suke tamau, na gaban kwatangwalo ma haka, kafaɗata da bayan ƙirjina kuma ba sa buɗewa yadda ya kamata. Ta ce, "Ƙanena, jikinka yana neman lanƙwasa, sama ta hana, ƙasa ta hana, sai ya karɓe ta duka daga wuri ɗaya. In ba ka raba wa sauran gaɓoɓin aikin ba, inda ya tsage nan zai koma." Ta tsara mini komawa daki-daki: tafiya, sassarfa, gudu, tsalle ba duka, duka kaɗan da ƙirga, sannan wasa. Ta kuma ja mini kunne cewa ƙashin da ya yi watanni ba ya ɗaukar nauyi yakan yi laushi, har da gefen da bai tsage ba, don haka farkon dawowa ne lokaci mafi haɗari.

Na bi tsarin har na koma fili. Daga nan na fara zamewa. Motsa jikin minti ashirin kafin atisaye ya koma goma, ya koma "gobe". Ƙirga duka kuwa na daina tun a wata na biyu. Na dawo da ƙarfi fiye da da, har aka fara maganata, kuma babu abin da ke sa mutum mantuwa kamar yabo.

Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan nan aka sanar da gwajin ɗaukar 'yan wasa na wata babbar ƙungiya. Na ninka atisaye. Saura mako bakwai na ji shi: nauyin nan, a wurin nan. Wannan karon ba zan ce ban sani ba. Na san sunansa, na san siffarsa, na san matakansa ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya a ɗaki da ƙafa ɗaya na karkata baya, jiki ya gaya mini gaskiya, na sauke ƙafar na ce bari a gama gwaji tukuna. Wannan ita ce gaɓar labarina da na fi jin kunyar faɗa. Karon farko jahilci ne da ƙuruciya. Na biyu da idona a buɗe na shiga. Na koma kan ƙwaya, na koyi yin tafiya yadda Koci ba zai gane ba, na je gwajin, ban ma yi abin kirki ba domin rabin hankalina yana bayana. Ba a ɗauke ni ba. Duk da haka ban je asibiti ba sai da na ƙara wasu watanni, saboda kunyar haɗa ido da dattijon nan. Sai da ciwon ya tsallaka dama, ya fara sauka ɗuwawu, sannan na kai kaina.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hoton ya nuna gefen hagu ya sake tsagewa, kuma wannan karon bakunan sun yi santsi, ba kumburi, ba komai. Ya mutu a haka. Gefen dama kuma ya fara, siririn layi da kumburi kewaye da shi. Likitan ya yi bayanin cewa zobe ne: in gefe ɗaya ya saki, ɗayan ne ke ɗaukar kayan biyu. Bai yi mini faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ya ce kawai, "Yaushe ka fara ji?" Na faɗa masa gaskiya. Ya rubuta, ya ce, "Na hagu ya wuce mu. Bari mu ceci na dama."

Na tambaye shi ko ni kaɗai ne mai wannan wautar. Ya ce dawowar abin ba baƙo ba ne ko ga masu bin doka. Likitocin Tokushima a Japan, waɗanda suka daɗe suna bibiyar yara 'yan wasa masu wannan tsagar, sun ba da rahoto a 2017 cewa kusan ɗaya cikin huɗu na yaran da suka yi wa magani abin ya sake tasowa bayan sun koma wasa. Dalilin a fili yake: an ɗinke tsagar, amma ba a canja siffar ƙashin da aka gada ba, ba a canja wasan ba, kuma sau da yawa ba a canja yadda ake yin sa ba. Bambancin da ke tsakanin mai dawowa a mako na farko da mai dawowa a wata na biyar shi ne abin da za a iya cetowa.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne gocewa. In gadar ta katse hagu da dama, dunƙulen gaba ya rabu da zoben baya, yana iya zamewa gaba a kan ƙashin da ke ƙarƙashinsa. Ana auna zamewar da kwata-kwata: mataki na ɗaya har zuwa kashi 25 cikin ɗari na faɗin gaɓar, na biyu zuwa 50, haka har na huɗu. Na kwana ina ganin kaina a keken guragu. Da na faɗa masa sai ya ce yawancin masu gocewar a matakin farko ko na biyu suke tsayawa, kuma an fi jin tsoron ƙaruwarta a lokacin da yaro ke tsakiyar girma, ni kuwa na kusa gamawa. Ya lissafa mini alamun da in na gani kada in jira gari ya waye: ƙafa ta mutu ko ta yi rauni, dindiris a tsakanin cinyoyi, ko fitsari da bayan gida su ƙi riƙuwa ko su ƙi fita. Ban taɓa ganin ko ɗaya ba, alhamdu lillahi.

Na sake shiga rigar roba. Wannan karon ban yi gardama ba. Na dama ya haɗe cikin wata uku da 'yan kwanaki. Na hagu yana nan yadda yake har yau, wani nama mai tauri ne ya riƙe bakunan maimakon ƙashi. An yi maganar tiyata sau ɗaya: ana iya kankare bakunan, a cusa ɗanyen ƙashi, a ɗaure da noti, dabarar da aka fara bayyanawa tun 1970. Amma ana ajiye ta ne ga wanda ya yi wata shida ko fiye yana bin magani ciwon bai bar shi ba. Ni ya bar ni.

Wannan ne abin da na daɗe ban gane ba, domin da farko kamar yana karo da duk abin da aka koya mini. An ce mini tafiyar raɗaɗi ba ita ce haɗewar ƙashi ba, na yarda da ƙyar. Yanzu kuma ana ce mini rashin haɗewar ƙashi ba shi ne ƙarshen wasa ba. Duka biyun gaskiya ne. Wani nazari na 2009 da ya tattara bincike da dama a kan yara da matasa ya nuna kusan kashi 84 cikin ɗari sun samu lafiya sun koma harkokinsu ba tare da tiyata ba, alhali waɗanda ƙashinsu ya haɗe a hoto ba su wuce kashi 28 ba. Masu gefe ɗaya sun fi samun haɗewa nesa ba kusa ba, wajen 71 cikin ɗari, masu gefe biyu kuwa 18. Yadda na fahimce shi: in akwai damar haɗewa, wauta ce a zubar da ita, domin ƙofa ce da ke rufewa ba ta sake buɗewa. In kuma ta rufe, tsoka da dabara suna iya riƙe abin da ƙashi ya saki.

A wannan zaman na biyu wani abokina ya ba ni labarin Pat Cummins, ɗan wasan kurket na Ostireliya. Ban san kan wasan ba, amma na ga yadda masu jifa da ƙarfi suke gantsarewa su murɗa, na gane 'yan'uwana ne. Ya fara buga wa ƙasarsa babban wasan kwana biyar da ake kira Test a 2011 yana da shekara 18, daga nan raunuka suka sako shi gaba, musamman tsagar ƙashin baya da ta riƙa dawowa, bai sake buga irin wannan wasan ba sai 2017. A 2021 ya zama kyaftin. Ba na kawo shi don in ce kowa zai zama shi. Yana da likitoci da masu ƙirga masa kowane jifa, abin da yawancinmu ba mu da shi. Abin da ya tsaya mini shi ne shekarun. Ni mako bakwai na kasa jira.

Sai kuma maganar Baba. Ana cikin haka ya je a duba shi saboda wata matsala daban, aka ɗauki hoton cikinsa, hoton ya kamo ƙugu. Aka ce masa yana da tsohuwar tsaga a L5, hagu da dama, har da 'yar gocewa ta matakin farko. Mutumin da ya haura hamsin, bai taɓa kwana da ciwon baya ba, bai taɓa buga ƙwallon kirki ba. Ya dawo gida ya ajiye takardar a gaban Umma ya ce, "To, ga mai laifin. Ki huta." Muka yi dariya, amma da dare ya same ni ni kaɗai ya ce, "Ka yafe ni, ni na ba ka." Na ce, "Baba, kai ka ba ni gadar, ni na yi ta tsalle a kanta." Irin su Baba suna da yawa. A jihar Fensilbeniya ta Amurka an taɓa ɗaukar yara 500 'yan ajin farko aka bi su shekara da shekaru. Suna da shekara 6, kashi 4.4 cikin ɗari na da tsagar. Da suka girma adadin ya kai kashi 6. Bayan shekara 45 ana bin su, rayuwar bayansu ba ta bambanta da ta sauran jama'a ba, kuma masu gefe ɗaya ba su goce ba. Wannan ƙarshen na riƙe shi da hannu biyu, tunda yanzu ni mai gefe ɗaya ne.

Na koma wasa bayan kusan wata takwas, amma ba a matsayin da na bari ba. Na canja yadda nake tasowa, na koyi buɗe ƙirji da kafaɗa maimakon karya ƙugu, dukana ya rage ƙarfi kaɗan, ya ƙara wayo. Na buga shekara biyar a haka a ƙananan gasa. Babbar ƙungiyar ba ta sake kira ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa abin bai taɓa ci mini rai ba. Bayana yakan yi ƙorafi in na daɗe a tsaye ko na kwana rub da ciki, ko in na yi mako biyu ban yi motsa jikin tabarmar nan da na raina ba. In na koma masa sai ya yi shiru.

Yanzu yara nake horarwa, 'yan shekara 13 zuwa 17. Ina ƙirga musu tsalle, suna ganin iyayi ne. Ina hana su wasa biyu a rana ɗaya, ina kuma sa ido sosai a kan duk wanda na ga takalminsa ya matse shi a tsakiyar shekara. Tsayuwa da ƙafa ɗaya ba ta yanke hukunci, hoto ne ke yankewa, amma yaron da ya yi mako biyu yana dafa ƙugu in ya gantsare ba ya sake taka mini fili sai da takarda.

Watanni biyu da suka wuce na lura mafi gwanintar yarana ya fara dukan ƙwallo da kafaɗa kawai. Saura kwana tara wasan ƙarshe. Na kira shi gefe, ya rantse mini lafiyarsa ƙalau, da irin murmushin da na sani. Na ce ya ɗauki jakarsa. Mahaifinsa ya zo har fili ransa a ɓace, ya ce, "Koci, yaron nan tun yana ƙarami haka bayansa yake, gadon gidanmu ne." Na ce, "Alhaji, na yarda. A kai shi dai a ɗauki hoton." Mun buga wasan ba shi, aka cinye mu. Hoton ya nuna kumburi a ɓargo, gefen hagu na L5, babu layi tukuna. Yau yana mako na bakwai a benci, ciwon ya daɗe da ɗaukewa, kuma har yanzu in na gaishe shi da kai yake amsawa.